Takardar likita mai layi shida: ina kuɗin magani ke tafiya a Matamaye?

Duk mai harka a kasuwar Matamaye ya san ba a sayen buhun gero sai an zura hannu an ga ƙwaya, kuma ba a biyan kuɗin turmin atamfa sai an yi tayi, an yi albarka, an kai ga sallama. To amma akwai takarda guda da ke fitar da kuɗi daga aljihun ɗan kasuwa da bakin zanen ƴar kasuwa ba tare da an ce uffan ba, ita ce takardar magani da likita ke rubutawa, wadda muka fi sani da ordonansi. Hannu biyu ake karɓarta, a nufi farmasi a miƙa, mai sayarwa ya buga lissafi, sannan a shiga zare ido. In kuɗi sun kai a biya. In ba su kai ba sai ka ji an ce: "Ba ni na sama guda biyu, sauran sai Allah ya hore."

Lamarin ya fi tsananta daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara gida-gida, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai gama shigowa ba. A ce mai tuyar ƙosai jika guda take samu riba a wuni, aka kuma rubuta wa ɗanta takardar jika bakwai. Ribar mako guda ke nan ta tafi, ban da kuɗin kabu-kabu da ranakun da ba ta hura wuta ba. In yara biyu suka kwanta a wata guda, uwar kuɗi za a taɓa. Ƙididdigar Bankin Duniya ta shekarun 2018 da 2019 ta nuna cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na duk abin da ake kashewa kan lafiya a Nijar daga aljihun iyalai yake fitowa kai tsaye. Saboda haka ya kamata mu buɗe wannan takarda mu ga abin da ke cikinta, kamar yadda muke kwance bakin buhu.

Ma'aunin da ake auna takarda da shi

Tun shekarar 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da ma'auni mai sauƙi na duba yadda gidan likita ke rubuta magani. Ana ɗibar takardun marasa lafiya a ƙirga: magani nawa ne a kowace takarda, nawa aka rubuta da sunansu na asali, takardu nawa ne ke da antibiyotik, nawa ke da allura, sannan nawa ne daga cikin magungunan ke cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa. A gidan likita da ke duba kowa da kowa, irin cibiyoyinmu na CSI da ƙananan kilinik masu zaman kansu, abin da ake sa ran gani shi ne kada matsakaicin adadin magani ya kai biyu a takarda, kada takardu masu antibiyotik su haura kashi 30 cikin ɗari, allura kuma kada ta wuce kamar takarda ɗaya cikin biyar.

To yaya abin yake a ƙasa? A shekarar 2016 an buga wani nazari da ya tattara bincike 43 da aka yi a gidajen likita na matakin farko a ƙasashen Afirka 11, tsakanin 1995 da 2015. An samu magani kusan uku a kowace takarda, antibiyotik a kusan kashi 47 cikin ɗari na takardun, allura kuwa a takarda ɗaya cikin huɗu. Magungunan da aka rubuta da sunan asali ba su wuce kashi 68 cikin ɗari ba, alhali dukansu ya kamata a rubuta haka. Ita kanta OMS ta daɗe tana cewa fiye da rabin magungunan duniya ba a rubuta su, ko ba a sayar da su yadda ya kamata, kuma rabin marasa lafiya ba sa shan su daidai.

Waɗannan alƙaluma na nahiya ne baki ɗaya. Uwar gida da ke son ganin na gidanta, ta ɗauko tsofaffin takardun da ke cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa ta sa yaro ɗan lakwal ya ƙirga mata layukan.

Suna biyu, magani ɗaya

Babbar ƙofar da kuɗi ke zurarewa ita ce ta suna. Kowane magani yana da sunansa na asali wanda duniya ta sani, sannan yana da sunan da kamfani ya raɗa masa don kasuwa. Farasitamol shi ne Doliprane, shi ne Efferalgan, shi ne kuma Panadol da ke shigowa daga Najeriya. Amoksisilin shi ne Clamoxyl, metronidazol shi ne Flagyl, kotrimokzazol shi ne Bactrim. Kamfanin da ya ƙirƙiro magani ana ba shi kariya ta shekara 20, daga nan wasu kamfanoni, yawanci na Indiya da Sin, su sami damar yin irinsa su sayar da sunan asali. Shi ake kira jenerik. In jenerik ya fito daga kamfani mai rajista ya kuma bi ta hannun hukuma, sinadarinsa da ƙarfinsa daidai suke da na mai kwali mai ƙyalli, kuɗinsa kuwa sau da yawa kaɗan ne daga cikin na wancan.

Masu sayar da shinkafa sun fi kowa gane wannan, domin sun san buhu mai zanen zinariya ba ya canza ƙwayar da ke ciki.

Idan masu shekaru ba su manta ba, wahala ce ta koya mana jenerik. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran guda na Faransa ya tashi daga dala 10 zuwa dala 20, magungunan da ake shigowa da su daga Turai suka gagari talaka dare ɗaya. Daga nan ne ƙasashen sefa suka rungumi jenerik da gaske. A Nijar, doka ta shekarar 1995 ta kafa tsarin biyan kuɗin jinya a gidajen likita na matakin farko, bisa tafarkin da ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi a Bamako a 1987: mara lafiya ya biya ƙayyadadden kuɗi, a duba shi, a ba shi jenerik daga ɗakin maganin cibiyar, kuɗin kuma su koma sayen wani maganin a ƙarƙashin kulawar kwamitin jama'ar gari. Ma'aikatar ONPPC, wadda aka kafa tun 1962, ita ce babbar mai samar wa cibiyoyin gwamnati waɗannan magunguna.

Sai dai kuma har yau alƙalamin malaman asibiti da dama ya fi sabawa da sunan kamfani. Wani a haka ya koya a makaranta. Wani kuma wakilan kamfanonin magani ne ke yawan kawo masa ziyara da kalanda da biro masu ɗauke da sunan hajarsu, har sunan ya zauna a ka. A inda kilinik ke sayar da maganin da shi da kansa ya rubuta kuwa, ba sai an gaya wa ɗan kasuwa abin da ka iya biyo baya ba.

Akwai haɗarin da ya wuce na aljihu. Uwa ta karɓo farasitamol a CSI, maƙwabciya ta ba ta Doliprane, miji ya shigo da Panadol daga tasha, a haɗa wa yaro duka a zaton magani uku ne, alhali guda ne aka ninka sau uku. Farasitamol in ya yi yawa hanta yake lalatawa.

Antibiyotik ba ya jin mura

Antibiyotik ƙwayoyin bakteriya yake kashewa. Mura da yawancin tarin sanyi na lokacin hunturu, da mafi yawan zawon yara mai ruwa-ruwa, wani nau'in ƙwayar cuta ne ke kawo su da ake kira birus, kuma amoksisilin ko kotrimokzazol ba su da abin da za su yi masa. Maganin zawo irin wannan, kamar yadda OMS da UNICEF suka tsayar tun 2004, shi ne ruwan gishiri da sukari na cikin ƴar leda, tare da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da ba yaro nono da abinci. Su ne mafi araha a ɗakin magani. Zawon da ke da jini, ko tari mai saurin numfashi da faɗawar haƙarƙari, wannan kam na antibiyotik ne, kuma ba a jinkiri da shi.

To me zai sa a rubuta shi a kusan rabin takardu? Malamin da ke da layin mutane masu yawa a gabansa, ba shi da ɗakin gwaji, ya kuma san matar nan daga ƙauye mai nisa ta zo da wuya ta dawo gobe, sai ya zaɓi ya rufe kowace ƙofa: maganin zazzaɓin sauro, antibiyotik, na tsutsar ciki, na rage zafin jiki, da siron ƙarin jini. Ba mugunta ba ce, tsoro ne da yawan aiki. Amma mai biyan kuɗin tsoron ita ce mai ƙosai.

Kuma bashi ne da ake ci wa gobe. Duk lokacin da aka sha antibiyotik ba bisa buƙata ba, ko aka sha na kwana biyu aka ajiye saura, ƙwayoyin cutar da suka tsira sukan saba da shi, ran da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci, sai an koma ga mai tsada. Wani babban bincike da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1 da dubu 270 ne suka rasu a duniya sanadin ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna.

Su ma likitoci suna sake auna abin da suka saba. A Madarumfa ta jihar Maraɗi, tsakanin 2012 da 2013, ƙungiyar MSF da abokan aikinta sun gwada amoksisilin a kan yara sama da 2,300 masu tamowa mai tsanani wadda ba ta haɗu da wata cuta ba. Waɗanda aka ba maganin kashi 66 cikin ɗari suka murmure, waɗanda ba a ba ba kashi 63, bambancin da masu binciken suka ce bai kai a dogara da shi ba, ko da yake maganin ya ɗan rage yawan waɗanda sai da aka kwantar. Wannan ba izini ba ne uwa ta ƙi abin da aka rubuta wa ɗanta mai tamowa. Abin lura shi ne, in masu ilimin abin suna tambayar amfanin kowace ƙwaya, ba rashin kunya ba ne mai biya ta tambaya.

"Ko allura bai yi mini ba"

A nan kam dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. A shirye-shiryen lafiya na rediyo, cikin koke-koken da masu saurare suka fi bugo waya da su akwai cewa an je asibiti "farasitamol kawai aka ba ni, ko allura ba a yi mini ba." A wurinmu likitan kirki shi ne mai cika takarda, mai sa ƙarin ruwa. Wanda ya duba yaro da kyau, ya ce mura ce, a ba shi ruwa da nono a dawo in numfashi ya canza, sai a ce bai iya aiki ba, gobe a koma wurin wani. Malaman asibiti sun san da haka, masu kilinik sun fi kowa sani, domin su ma ba sa son rasa abokan ciniki.

Allura tana da ranarta. Yaron da zazzaɓin sauro ya yi wa tsanani, yana suma ko jijjiga, ko yana amayar da duk abin da ya sha, allurar artesunat ce ke ceton ransa da yardar Allah, kuma a asibiti ake yin ta. Amma mai iya haɗiya, ƙwaya ta wadatar masa. Kuɗin allura ba na ruwan maganin kaɗai ba ne, akwai sirinji, da ladan mai yi, da zirga-zirgar safe da yamma. Allurar da aka soka ba daidai ba a ɗuwawun yaro tana iya taɓa jijiya ta bar shi da shanyayyiyar ƙafa, sirinjin da aka maimaita kuma yana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau daga wani zuwa wani. Ƙarin ruwan da ake roƙo don "a ji ƙarfi" kuwa ruwa ne da ɗan gishiri ko sukari; mai iya shan kunu ya fi samun ƙarfi a kofi guda.

Haka nan ba kowace masassara ce ta sauro ba. Tun 2010 OMS ta ce a gwada jini kafin a ba da magani, kuma ɗan gwajin nan na tsinken yatsa ba ya wuce minti 15 zuwa 20. In ya nuna akwai, maganin da Nijar ta koma kansa tun 2005 bayan kulorokin ya daina ci shi ne haɗin artemeta da lumefantirin, wanda aka fi sani da Coartem: sha shida cikin kwana uku, tare da abinci mai ɗan maiƙo ko nono. In gwaji ya nuna babu, sayen sa asarar kuɗi ce, kuma ainihin ciwon yana nan yana cin jiki.

Kyautar da ke ƙarewa a farmasi

Mai karatu zai ce, ai yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ake duba su. Haka doka ta ce. A zamanin Shugaba Tanja Mamadu aka mayar da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, sannan a 2006 aka ƙara da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar, da awon ciki, da tsarin iyali. Tsarin shi ne cibiya ta yi aiki ta ba da magani, ta aika takardun kuɗi, gwamnati ta biya ta. Iyaye sun yi tururuwa, yara da dama sun tsira. Amma biyan ya riƙa makara wata da watanni, wani lokaci shekaru, kamar yadda masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai suka yi ta rubutawa. Duk ƴar kasuwar da ta taɓa ba da kaya bashi ta san ƙarshen zancen: kanta ya bushe. In ɗakin maganin cibiya ya bushe, majo ba shi da abin yi sai ya rubuta takarda a je waje a saya.

A watan Agustan 2024 gwamnatin Janar Abdurahaman Tiani ta sanar da rage rabin kuɗin ayyukan jinya a asibitocin gwamnati daga ranar 1 ga Satumba, abin da ya haɗa da ganin likita, gwaje-gwaje, kwanciya da tiyata, aka kuma ce haihuwa kyauta ce. Sauƙi ne na gaske. Sai dai ragin na kuɗin aikin asibitin gwamnati ne. Takardar da aka fita da ita zuwa farmasi mai zaman kansa, farashin farmasi za ta tarar.

Shi ma farashin ya sha jijjiga. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya toshe hanyar Kwatano da yawancin magungunan ƙasar ke bi, aka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, wasu magunguna suka yanke. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris. A can ma faɗuwar naira da sanarwar kamfanin GSK a Agustan 2023 cewa zai daina harkarsa ta kai tsaye a ƙasar sun sa magunguna irin su Augmentin da Ventolin tashin gwauron zabo.

Araha daga bakin iyaka

Matamaye na kan hanyar Damagaram zuwa Daura da Kano ta Ɗan Barto, kuma abin da ke shigowa ta wannan hanya ba atamfa da taliya kaɗai ba ne. Magani ma yana shigowa, ya ƙare a kan tebur, a faranti, ko a bayan keke ran kasuwa, cikin rana da ƙura. Mai tebur yana da abubuwa biyu da farmasi ba shi da su: yana sayar da ƙwaya ɗaya-ɗaya ta dala biyar ko goma, kuma yana ba da bashi. Shi ya sa doguwar takarda ke tura mutane wurinsa.

A 2017 OMS ta ƙiyasta cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko bai cika inganci ba, kuma na zazzaɓin sauro da antibiyotik ne aka fi kai rahotonsu. Nijar ta ɗanɗana: lokacin annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa dubban mutane allurar rigakafin da daga baya aka gano ta jabu ce, a 2015 kuma OMS ta sake yin gargaɗi kan jabun rigakafin sanƙarau a ƙasar. Hatta hukumomin Najeriya, a Fabrairun 2024, sun rufe shagunan magani sama da dubu a Sabon Gari da kewayenta a Kano, suka ce masu sari su koma cibiyar Dangwauro da ke hanyar Zariya inda za a iya sa musu ido. Ko maganin na gaske ne, zafin rana na rage masa ƙarfi. Jenerik na farmasi da na tebur ba abu ɗaya ba ne, ko da sunan da ke jikin ledar ya zo ɗaya.

Kafin a bar ɗakin likita

Cinikin takarda a gaban wanda ya rubuta ta ake yin sa, ba a gaban mai farmasi ba. Cikin ladabi Hajiya na iya cewa: "Malam, me ke damun yaron? Wanne ne maganin ciwon kansa, wanne ne na taimako?" In kuɗi ba za su kai ba a faɗa masa ƙarara, ya sa alama a kan wanda ba a yi sai da shi. Layin farko ba lallai ne ya zama mafi muhimmanci ba, kuma sau da yawa siron bitamin ko na buɗe ciki da ke ƙasa ya fi ainihin maganin tsada. A roƙe shi ya rubuta sunan asali, a tambaya ko akwai shi a ɗakin maganin cibiyar, a farmasi kuma a ce jenerik ake so. A gaya masa abin da aka riga aka sha a gida, har da na gargajiya da na tebur, a tafi da ledojin in da hali.

Abu guda da ba a ragewa shi ne adadin kwanaki. Gara magani ɗaya cikakke da rabin kowanne daga cikin huɗu.

Masu hawan jini da ciwon sukari, waɗanda suke da yawa cikin manyan ƴan kasuwa, su lissafinsu na wata-wata ne har iyakar rai, don haka bambancin jenerik da mai suna ya fi yi musu yawa. Amlodipin da metformin duk suna da jenerik. Maganin hawan jini ba a dakatar da shi don kai ya daina ciwo, kuma masu shan diklofenak ko ibuprofen kullum saboda ciwon baya da gwiwa na zaman rumfa su faɗa wa likita, domin waɗannan suna tayar da hawan jini, suna taɓa ƙoda da tumbi.

Sannan daga watan Yuli zuwa Oktoba ma'aikatan lafiya na bin gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin sauro na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, shirin da aka fara a Nijar a 2013 a wasu gundumomi da suka haɗa da maƙwabciyarmu Magarya. Kyauta ne, sau ɗaya a wata. Ma'aikaci ne ke ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku kuwa a hannun uwa ake bari, ko da ranar ta faɗo ran kasuwa.